Yadda na koya wa ƙanwata ninkin ɗigo da keken alhazai

Ƙanwata tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Makka. Rannan ta zo min da littafin lissafi ranta a ɓace. Darasin shi ne wanda suke kira addarbud dakhili da Larabci, ni kuwa ninkin ɗigo nake ce masa, saboda ɗigon da ake sawa tsakanin bekta biyu, wato kibiyoyi masu nuna girman abu da inda ya fuskanta. Ta haddace ƙa'idar tsaf, amma ba ta san me take aunawa ba, kuma hadda irin wannan ba ta daɗewa a ka.

Na ce, "Ke, tuna Kawu yana tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa."

Ga yadda za ka yi. Zana kibiya biyu daga wuri guda: ɗaya ƙarfin da Kawu yake sawa, ɗaya tafiyar keken. Mariƙin keken yana ƙasa da kafaɗarsa, don haka turinsa ya karkata ƙasa, wani ɓangaren ƙarfin yana danna taya ne kawai a daɓe. Ninkin ɗigo tambaya ɗaya yake yi: nawa ne daga cikin ƙarfin nan ya bi hanyar tafiya? Ninka tsawon kibiya ta farko da na ta biyu, sannan da kosain na kusurwar da ke tsakaninsu, wato lambar da ke nuna kashi nawa na kibiya ɗaya ya bi hanyar ɗayar. Idan ƙarfin nuton 100 ne (nuton ma'aunin ƙarfi ne), tafiyar mita 20, kusurwar digiri 60, kosain ɗinta rabi ne, amsar, wadda ake kira aiki, ta zama jul 1000 (jul ma'aunin aiki ne). Da a miƙe ya tura, da 2000 ne. Amsar lamba ce zalla, ba ta fuskantar ko'ina.

Abin da ya fi shigarta shi ne inuwa. Sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli, rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba da azahar. Karkata sanda a lokacin, inuwarta a ƙasa ita ce ɓangaren da ake ninkawa. Tsayar da ita cak, inuwa ta ɓace. Shi ya sa mai ɗauke da jarkar zamzam a ka, yana tafe a fili ba gudu ba tsayawa, aikinsa a kan jarkar sifiri ne: ƙarfin yana sama, tafiyar tana gaba, kosain na digiri 90 kuwa sifiri ne. Wuya zai yi ciwo, gaskiya ne, tsoka ce ke ƙona kuzari wajen riƙewa.

A gangara kuma, inda Kawu yake riƙe keken baya don kada ya ƙwace, amsar takan faɗa ƙasa da sifiri, domin rage wa keken gudu yake yi.

In kowace kibiya da lambobi biyu aka ba ka ita, ninka na farko da na farko, na biyu da na biyu, ka tara. (3, 4) da (5, 0) sun ba da 15. Na ba ta (2, 3) da (3, −2). Ta samu sifiri, ta ɗauko abin auna kusurwa ta gwada, ta tarar da digiri 90 cif.