Yadda ake neman kuɗin binciken da ya haɗa mutum da muhallinsa

Fara da tambaya, kafin ka duba inda kuɗi suke. Irin wannan bincike yana son tambayar da ke tafiya ta dawo: me mutane suka yi wa ruwa ko ƙasa, me ruwan ya mayar musu?

Ɗauki fadamar Haɗejiya da Nguru. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, duk a kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa, ambaliyar da ke zuwa da lokacinta ta ragu, ruwa ya riƙa kwantawa duk shekara a wasu magudanai. Ciyawar kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki suka samu mafaka a cikinta suna faɗa wa gero da shinkafa. Masunci ya rasa wurin jefa koma, manomi ya koma wata gona, makiyayi ya canza burtali, komawar tasu kuma ta sake taɓa ƙasar. Wannan zagayen shi za ka rubuta, domin shi masu tantance takardun neman kuɗin ke nema.

Sai haɗa tawaga, tun kafin a ɗora alƙalami. Masanin ruwa, masanin tsirrai, da masanin zamantakewa ko tattalin arziki su zauna su tsara tambayar tare. Abin da ke ba ni haushi shi ne a gama rubutu, sannan a liƙa sunan masanin zamantakewa don cike gurbi. Ana ganewa tun shafin farko.

Ka je garin da za ka yi binciken da kanka. Gaida mai gari da sarkin ruwa, ka saurari masunta, ka sa kuɗin dawo musu da sakamako cikin kasafinka.

Yanzu nemi ƙofar da ta dace. Malaman manyan makarantun gwamnati a Najeriya suna da asusun bincike na ƙasa na hukumar tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda ke da rukuni na musamman ga binciken da ya ratsa fannoni. Ana fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake sai a nemi cikakke. Kuɗin hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, jami'o'i da cibiyoyin can ake ba, don haka kana buƙatar abokin aiki daga can.

Wajen kasafi, ka lissafa damina biyu aƙalla. Shekara ɗaya ba ta nuna halin kogi, kuma a watan Agusta wasu ƙauyukan sai da kwalekwale ake shiga.