Yadda Za Ka Bi Sawun Rayuwar Kakanka, Daga Bakin Tsofaffi Zuwa Tsoffin Takardu

Yawancinmu muna iya kawo sunan mahaifi da na kaka, wasu su ƙara da kakan kaka, daga nan sai salsala ta tsinke. Jerin wane ɗan wane kuwa ba ya gaya maka inda aka haifi mutum, ko sana'ar da ya ci abinci da ita, ko abin da ya raba shi da garinsu. Wanda yake son sanin waɗannan sai ya zaɓi kaka guda ɗaya ya tsaya a kansa, domin mai son tattara zuriya duka a lokaci guda yakan ƙare da tarin sunaye da babu labari a bayansu.

Ka fara da tsofaffin da suke raye, kuma kada ka ɗaga zuwa wata sallar. A ganina tsofaffin mata sun fi maza amfani a wannan aiki, domin goggo ko kishiyar kaka ita ce ta san wa ya auri wa, wace ce ta fita, wane yaro aka ba wa riƙo, da kuma garin da dangin uwa suka fito. Ka je da goronka, ka nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, sannan ka zauna da kowa shi kaɗai, saboda idan babban gida yana wurin ƙanana ba za su musa masa ba ko da sun san ya yi kuskure. Ka tuna da alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na surukinta ko na ɗanta na fari ba, sai dai ta ce Malam ko mai gidan, don haka sunan yankan sai ka nemo shi a wani bakin. Bayan 'yan gida akwai limamin unguwa, da wanzamin da ya gaji yi wa gidanku aski, wanda zai iya gaya maka ko zanen fuskar kakanka na Gobirawa ne ko na Kabawa, da maroƙin da ya riƙe kirarin gidan, wanda sau da yawa sunan garin asali yana cikinsa.

Sha'anin suna yana bukatar haƙuri. Mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a wurin liman, Garba a kasuwa, Habu a cikin gida, kamar yadda Usman yake zama Shehu ko Mani, Umaru ya zama Sanda. Laƙabi kuma yana ɗauke da bayani: Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Gambo ya biyo tagwaye, Ɗanjuma ranar Juma'a aka haife shi, Azumi kuwa cikin watan azumi. Idan an ce kakanka Gambo ne, ka san akwai Hassan da Husaini ko Hassana da Husaina da ya kamata ka nema. Ka rubuta kowane suna da aka taɓa kiran sa da shi, har da yadda Turawa za su iya rubuta shi, domin a takardun Ingilishi Audu yakan zama Awudu, Garba ya zama Garuba, a na Faransa kuma Yusufu ya zama Issoufou.

Kada ka tambayi tsoho shekarar da abu ya faru, ka tambaye shi wane sarki ne a kan gado, ko kuwa abin ya faru kafin wace yunwa ko bayanta. Kai ne za ka mayar da amsar zuwa lissafi. A ƙasar Kano, basasar Yusufawa da Tukurawa ta faro a 1893, Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. A Katsina zamanin Dikko ya kama daga 1906 zuwa 1944. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, annobar mura ta 1918, yunwar 'Yar Buhu ta 1927, yunwar 'Yar Gusau ta 1942. Idan goggo ta ce mahaifinta yana goye lokacin Kakalaba, kuma an yi masa auren fari a shekarar da fara ta cinye amfanin gona a farkon zamanin Abdullahi Bayero, to ka samu iyaka biyu da za ka sa rayuwarsa a tsakaninsu. Wannan ya fi shekarun da ke jikin takardar rantsuwar kotu inganci, domin yawancinsu kintace ne, haka ma takardun Nijar da aka rubuta an haifi mutum wajen shekara kaza.

Kafin ka nufi Kaduna ka buɗe adakar gida. Tsohon Alƙur'ani rubutun hannu da ke cikin gafaka yakan ƙare da sunan wanda ya rubuta shi da na mahaifinsa, wani lokaci har da gari da shekara, kuma malamai da dama sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a gefen littafi. Akwai wasiƙun ajami, da rasidin haraji da na jangali, da takardar sayen gida, da fasfon aikin hajji, da lambar soja. Ka ɗauki hoton kowace a wuri mai haske, kada ka liƙe yagaggiya da salatif, sannan ka kai wa malamin da ya saba da tsohon rubutu ya karanta. Idan shekarar Hijira ce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu shekarar Miladiyya da kusanci, misali 1340 ta faɗa tsakanin 1921 da 1922.

A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna an tsara fayilolin mulkin mallaka lardi-lardi, kamar KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF, ga kuma na sakatariyar Arewa da ake kira SNP. Ka je da sunan gunduma da na ƙauye kamar yadda suke a wancan zamani, domin iyakoki sun sauya. Idan kakanka hakimi ne ko dagaci ko alƙali ko ma'aikacin En'e, akwai kyakkyawan zaton ka ga sunansa. Idan manomi ne ko masaƙi, da wuya, amma rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta don yanka haraji suna kawo yawan mutanen gari, da ƙabilunsu, da sana'o'insu, da abin da ake nomawa, da kuɗin da kowane magidanci yake biya, kuma wannan shi ne duniyar da kakanka ya tashi a ciki. Inda talaka ya fi bayyana da sunansa shi ne kundin alƙali, musamman shari'ar rabon gado, wadda take jera matan mamaci da 'ya'yansa da abin da ya bari, galibi da Larabci. Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna da tsoffin rubuce-rubuce, a Yamai kuma akwai ma'ajiyar ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH mai tarin littattafan Larabci da ajami.

Idan labari ya ce kaka ya tafi bai dawo ba, tarihi zai nuna maka inda za ka duba. Bafataken goro da ya nufi Gwanja, a ƙasar Ghana ta yanzu, mai yiwuwa Salaga ya sauka, kuma bayan yaƙin basasar garin a 1892 Hausawansa sun watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, don haka sarakunan zango ne abin tambaya. Wanda ya yi gabas bayan faɗuwar Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, a 1903, ko ya tafi hajji a ƙasa, a nemi zuriyarsa a Sudan, musamman garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu. Wanda aka ɗauka soja zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin runduna ta 81 ko ta 82, kuma idan a can ya rasu, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta sa sunaye da lambobi da ranar rasuwa a intanet, inda sau da yawa sunan garin soja ne yake tsaya masa a matsayin sunan uba.

Za ka iya cin karo da abin da gida ba ya son a faɗa, kamar asalin bauta. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma akwai rajistar waɗanda suka fanshi kansu. Ka rubuta gaskiyar don kanka, amma ka shawarci manya kafin ka yaɗa ta. Haka nan idan an ce asalinku daga Gabas ne ko sharifai ne ku, ka rubuta shi a matsayin abin da gida yake faɗa har sai ka samu hujja.

A wurin rubutawa, kowace magana ka sa wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗa, ko lambar fayil ɗin da ka ciro ta, kuma ka bambanta abin da takarda ta tabbatar da abin da aka ji da abin da kai ka kintata. Inda mutum biyu suka saɓa, ka kawo maganar kowannensu. Idan ka gama, ka koma ka karanta wa tsofaffin da suka ba ka labarin, domin jin sa a jere yakan tuno musu da abin da suka manta, sannan ka raba kwafi ga gidaje da dama na dangi.