Yadda Ake Daidaita Makullin Tsaro na Bindiga Mai Liba

Bindiga mai liba, wato wadda ake ɗana ta ta hanyar sauke wani hannun ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama a kuma mayar da shi, tsohuwar bindigar mafarautan Amurka ce tun daga samfurin Henry na 1860 har zuwa Winchester 94 da John Browning ya zana da kuma Marlin 336 da ta fito a 1948. Shekaru masu yawa waɗannan bindigogi ba su da wani maɓallin kullewa, abin da aka fi dogara da shi shi ne a ja gudumar, wato ƙarfen da ke faɗuwa ya tayar da harsashi idan an ja kunama, baya kaɗan ta tsaya a rabin ɗana. A 1983 ne Marlin ta ƙara wani maɓalli da ya ratsa jikin bindigar daga gefe zuwa gefe, Winchester ta bi sahu a 1992, sannan a 2003 ta mayar da nata makullin saman wuyan ƙota. Wannan bayani ya fi shafar na Marlin, domin shi ne masu bindiga suka fi yawan taɓawa.

Kafin a ɗauki sukundireba ya kamata a fahimci aikin maɓallin. Ba ya hana kunama motsi, kuma ba ya hana gudumar faɗuwa, sai dai yana tare ta kafin ta kai ga allurar da ke dukan gindin harsashi. Daga nan ne ƙorafin mafarauta ya samo asali: mutum ya daɗe yana fakon barewa, ya ja kunama, sai ya ji ƙaras kawai, ashe maɓallin ya gogi riga ko reshe ya koma kulle bai sani ba. Wasu kan fusata su cire shi gaba ɗaya su toshe ramin da wani ƙarfe da ake sayarwa don haka, wasu kuma su sa masa ɗan zoben roba ya daina motsi. A ganina duka biyun sun wuce gona da iri, domin matsalar ita ce maɓallin yana motsi cikin sauƙi, kuma wannan yana da gyara. Akwai kuma lokacin da makullin yake da amfani ƙwarai. Harsasan wannan bindiga suna jere ne a bututu ƙarƙashin bakinta, kuma a yawancin samfurorin ba a fitar da su sai an yi ta sauke liba ana mayarwa, kowane harsashi ya bi ta gurbin harbi yayin da gudumar ke ɗane. Idan yatsa ya zame a kan kunama a wannan lokaci, ko hannu ya yi sanyi cikin safa mai kauri, maɓallin ne zai hana tashin bindigar.

Aikin farko shi ne tabbatar da cewa babu harsashi. A juya bakin bindigar zuwa inda babu mutum ko dabba, a kulle maɓallin, a yi ta sauke liba har harsashi ya daina fitowa, sannan a bar ta a buɗe a duba gurbin harbi da ido, a kuma leƙa bakin bututun a ga ƙarfen da ke turo harsasai, domin harsashi kan maƙale a bututu mai datti ya sauko daga baya. Harsasan da aka fitar a kai su wani ɗaki daban, kada su zauna a teburin aiki.

Daga nan sai a cire ƙotar. A Marlin 336 sukuru ɗaya ne ke riƙe da ita, a saman wuyan ƙarfen da ke bayan guduma, kuma yana buƙatar sukundireba mai baki daidai da tsagarsa, in ba haka ba za a cinye kan sukurun a kuma karce baƙin ƙarfen. Idan ya fita, a ja ƙotar kai tsaye baya ba tare da karkata ta ba, saboda katakon wuyan siriri ne, yana saurin tsagewa. Babban sifirin na guduma zai bayyana a nan, amma ba shi da alaƙa da wannan aiki, a bar shi yadda yake. Abin da ake nema shi ne wani ɗan mitsitsin sukuru da ke bayan jikin bindigar daura da maɓallin, wanda ke danne wani ƙaramin sifirin, shi kuma sifirin ɗin yana danne ɗan ƙwallon ƙarfe a jikin maɓallin. Wannan ƙwallo ne ke sa maɓallin ya tsaya cak a kulle ko a buɗe, kuma ƙarfin dannawarsa ne ke sa a ji shi da tauri ko da laushi.

Sau da yawa ba sukurun ne ya kwance ba, tsohon mai ne ya daskare da ƙura ya hana ƙwallon faɗawa gurbinsa sosai. Saboda haka a fara da wanke wurin da ruwan wanke bindiga, a sa ɗigon mai ɗaya, a ja gudumar zuwa rabin ɗana, a tura maɓallin hagu da dama sau da dama. Idan har yanzu yana da laushi, sai a ɗaure ɗan sukurun kaɗan kaɗan, bai fi rubu'in juyi ba a kowane lokaci, ana gwadawa bayan kowane juyi. Abin da ake so shi ne maɓallin ya ƙi motsi idan an goga masa tafin hannu ko tufafi, amma ya tafi da babban yatsa ɗaya ba tare da kokawa ba, a kuma ji ƙarar shigarsa. Idan aka ɗaure har ya kafe, an mayar da shi kamar babu shi, kuma mafi muni shi ne ya kafe a tsakiya, inda mai bindiga ba zai san a kulle take ko a buɗe ba. Idan sukurun ya ƙi juyawa, wataƙila an ɗaure shi da gam tun daga masana'anta, kuma tilasta shi yana cinye kansa. A nan aikin ya koma hannun ƙwararren mai gyaran bindiga. Haka nan makullin Winchester na saman ƙota da na Rossi R92 da ke saman ƙarfen rufe gurbin harbi, kowanne da irin ginin cikinsa, wannan hanya ba ta shafe su ba. Mai karatu a Najeriya kuma ya sani cewa Dokar Makamai ta 1959 ta sa mallakar bindiga da gyaranta ƙarƙashin izinin hukuma, don haka ba aikin da kowa zai yi a zaurensa ba ne.

Bayan an mayar da ƙota an ɗaure sukurunta, sai gwaji, kuma har yanzu babu harsashi a kusa. A kulle maɓallin har jan zoben da ke jikinsa ya ɓace, a ɗana gudumar, a riƙe ta da babban yatsa, a ja kunama a sauke ta a hankali, a duba a ga ta tsaya da rata tsakaninta da allurar. A buɗe maɓallin har jan zoben ya fito, a sake yin haka, a ga gudumar ta kai ƙarshe. Sannan a sa ta a rabin ɗana a ja kunama da ƙarfin da aka saba, bai kamata ta faɗi ba. A ƙarshe a ɗana ta, a sassauta liba kaɗan daga jikin bindigar a taɓa kunama, nan ma bai kamata ta saki ba, domin Marlin tana da wani ɗan ƙarfe da ke tare kunama har sai liba ta rufe ruf. Idan ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ya saɓa, kada a sa mata harsashi sai mai gyara ya buɗe ta ya duba.