Yadda Za Ka Auna Labarin Sabuwar Yarjejeniyar Makaman Nukiliya Kafin Ka Gaskata Shi

A majalisun shayi na Nima da Mamobi, da zarar rediyo ta ce shugabannin Amurka da Rasha sun gana ko sun yi waya, sai ka ji wani ya ce an kusa sasantawa kan makaman nukiliya, wani kuma ya ce wannan magana ba ta shafe mu ba. Ta shafe mu tun da daɗewa. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, wato hamadar da iskar hunturu ke kwaso mana ƙurarta, kuma gwamnatin Kwame Nkrumah ta mayar da martani ta hanyar riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana. A shekarar 1962 kuma aka yi babban taro a nan Accra kan raba duniya da wannan makami. Saboda haka ya kamata mu iya tantance irin wannan labari da kanmu.

Ka fara da sanin ma'aunin da za ka gwada kowace sabuwar magana da shi, wato yarjejeniyar da ake kira New START, wadda shugabannin Amurka da Rasha na lokacin, Barack Obama da Dmitri Medvedev, suka sa wa hannu a birnin Prag ranar 8 ga Afrilu 2010. Ta taƙaita kowace ƙasa ga kawunan nukiliya (wato bama-baman da ake ɗorawa a kan makami) 1,550 da ke girke cikin shirin harbawa, da kuma makamai masu linzami da manyan jiragen sama 700 da ke ɗauke da su. An tsawaita ta sau ɗaya a 2021, wanda shi ne iyakar abin da ƙa'idarta ta yarda, aka sa ƙarshen wa'adinta ranar 5 ga Fabrairu 2026. Duk labarin da ka ji bai ambaci adadi irin waɗannan ba, ka ɗauke shi a matsayin gaisuwar shugabanni, domin ciniki bai fara ba tukuna.

Daga nan sai ka tambayi irin takardar da ake magana a kanta. Alƙawarin da shugaba ya furta da bakinsa, kamar tayin da Vladimir Putin ya yi a Satumbar 2025 cewa Rasha za ta ci gaba da mutunta adadin na tsawon shekara guda idan Amurka ta yi haka, yana iya warwarewa da furuci ɗaya. Cikakkiyar yarjejeniya kuwa sai ta bi ta majalisa, kuma a Amurka sai kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar dattawa sun amince, wato mutum 67 idan duka 100 sun kaɗa ƙuri'a. New START ta samu 71 a Disambar 2010, a lokacin da jam'iyyun ƙasar ba su kai rarrabuwar da suke ciki yanzu ba. Sa hannu kaɗai bai wadatar ba, domin an sa wa wata yarjejeniyar taƙaita makamai mai suna SALT II hannu a 1979 amma majalisar ba ta taɓa tabbatar da ita ba, haka takwararta START II ta 1993 ba ta taɓa fara aiki ba.

Abin da ya fi komai nauyi a wurina shi ne binciken ganin ido, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya tsananta sauraro. Kowane ɗan kasuwa a Agbogbloshie ya san ba a cinikin biri a sama, sai an buɗe buhu an ga abin da ke ciki. New START ta bai wa kowane ɓangare damar aika sufetoci har sau 18 a shekara zuwa sansanonin abokin hamayyarsa, su zaɓi makami su ƙidaya kawunan da ke kansa, ga kuma musayar bayanai sau biyu a shekara, da sanarwa a duk lokacin da aka ɗauke makami daga wani wuri zuwa wani. Tauraron ɗan adam yana ganin ramin da aka ɓoye makami, amma ba ya ganin ko kai ɗaya ne a bisansa ko shida. An dakatar da wannan bincike a Maris 2020 saboda annobar korona, ba a kuma koma ba, sannan a Fabrairun 2023 Putin ya jingine shigar Rasha cikin yarjejeniyar. Tun daga lokacin kowane ɓangare ke lissafi bisa mafi munin zato, kuma mugun zato shi ke haifar da gasar ƙera makamai. Idan aka sanar da sabuwar yarjejeniya, ka nemi jin ko sufetoci za su shiga, sau nawa, kuma waɗanne wurare. Mun ga amfanin irin wannan tsari a gida: a 2017 aka cire makamashin yuraniyom mai ƙarfi daga ƙaramar tashar binciken nukiliya ta Kwabenya aka mayar da shi ƙasar Sin, tare da sa idon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, shi ya sa ba wanda ya yi jayayya kan inda ya tafi.

Ka kuma duba abin da aka bari a waje. New START ba ta ƙidaya ƙananan makaman da aka tanada don fagen daga ba, waɗanda Rasha ta fi yawansu, kuma Amurka na son a sa su cikin lissafi. Ita kuwa Rasha kukanta a kan garkuwar kakkaɓo makamai ne, tun da Amurka ta fice daga yarjejeniyar 1972 da ta taƙaita wannan garkuwa a 2002. Yarjejeniyar 1987 da ta hana makamai masu linzami da ake harbawa daga doron ƙasa masu cin zangon kilomita 500 zuwa 5,500 ita ma ta rushe a 2019. Takardar da ta tsallake waɗannan abubuwa uku za ta iya tsaida adadi na ɗan lokaci, amma da wuya ta daɗe.

Sai batun Sin. Amurka tana so a zauna da ita, amma Beijin ta sha cewa ba za ta shiga ba muddin Amurka da Rasha na riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na makaman duniya, ita kuwa masu bincike sun ƙiyasta nata da kimanin 600 a 2025, kodayake suna ƙaruwa da sauri. Rasha ta kan ce idan za a faɗaɗa teburin, to a kawo Birtaniya da Faransa. A ganina, wanda ya gindaya sharaɗin sai kowa ya hallara kafin a fara magana, jinkiri yake nema. Alamar da ta fi cancantar ka sa rai a kanta ita ce ka ji an naɗa tawagogin ƙwararru, an sa musu rana da gari, kamar yadda aka shafe kusan shekara guda ana zama, galibi a Janeba, kafin a kai ga takardar 2010.