Yadda za ka zaɓi akwatin ogzilari mai ƙarfi da sauƙin kuɗi in kana haɗa motar hawan duwatsu

Malam, in dai ka fara haɗa motar hawan duwatsu, irin waɗanda ake gani suna rarrafe a Mowab ta jihar Yuta ko hanyar Rubikon ta Kalifoniya can Amurka, to kafin ka zuba kuɗi a manyan tayoyi ka tsaya ka duba akwatin nan da ke maƙale a bayan giyabos, wanda makanikanmu ke cewa ogzilari. Shi ke raba ƙarfin inji zuwa gaba da baya, kuma shi ke sa mota ta yi tafiyar hawainiya a kan dutse ba tare da ka ƙona kuloci ba.

Fara da lissafi kafin ka je kasuwa. Ka ɗauki lambar giya ta ɗaya, ka ninka da lambar ƙaramar giyar ogzilari, sannan ka ninka da ta aksil. Misali tsohuwar Hilux mai giyabos W56, giya ta ɗaya 3.95 ce, ogzilari 2.28, aksil 4.10, in ka buga za ka samu kusan 37, wato sai inji ya juya sau 37 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan ya isa yashi da taɓon damina amma a kan dutse da taya inci 35 wallahi sai ka ji warin kuloci tun ba ka yi nisa ba. Ni a ganina mai giyar hannu ya nemi 70 zuwa sama, mai otomatik zai iya lallaɓawa da ƙasa da haka.

Sai maganar sarƙa ko haƙora. Akwai akwatin da sarƙa ke ja, kamar NP231 na Jeep Cherokee da Wrangler, jikinsa alminiyam ne, ba nauyi, ƙaramar giyarsa 2.72, kuma yana da araha, ba laifi ga mota mara nauyi mai matsakaiciyar taya. Amma sarƙa tana saki da tsufa, kuma alminiyam in ya daki dutse tsagewa yake yi. Wanda haƙora ne zalla a cikinsa shi na fi yarda da shi.

A nan ne ake yawan ambaton NP205, na tsofaffin fikof ɗin Chevrolet da Ford da Dodge. Ƙarfe ne na zubi, nauyinsa ya haura kilo 60, da wuya ka ji an ce ya fashe ko da a bayan babban inji mai silinda takwas (V8) ne. Matsalarsa ɗaya, ƙaramar giyarsa 1.96 ce kawai, shi ya sa ake haɗa masa rabin wani akwatin ogzilari, NP203, a gabansa a samu kusan 4. Sai Dana 300 na Jeep CJ daga 1980 zuwa 1986, shi ma ƙarfen zubi ne da haƙora, 2.62, ƙarami ne ba ya cin wuri, kuma ana yi masa liba biyu ka sarrafa gaba daban baya daban. Atlas na kamfanin Advance Adapters kuwa sabo ne fil, ka zaɓi 3.8 ko 4.3 ko 5.0, sai dai kuɗinsa na dala ne mai yawa, ga jigila ga kwastan, ba shi ne maganar mai neman sauƙi ba.

Mu da muke Najeriya ko Nijar gaskiya abin da ya fi kusa da hannunmu na Toyota ne, don Hilux ko'ina akwai ta, kayanta kuma in ka leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ba za ka rasa inda za ka fara tambaya ba. Nemi tsohon mai haƙora, irin na fikof masu silinda huɗu daga 1979 zuwa 1995. Ka ƙirga notin murfin baya, bakwai mai haƙora ne, biyar mai sarƙa. Daɗinsa shi ne ana sayar da haƙoran 4.7 da ke shiga cikinsa, kamfanin Marlin Crawler ne ya yi suna da su, kana sawa wancan 37 ɗin ya koma 76. In kuma ka jera akwati biyu, 2.28 sau 2.28, ka haura 80, amma ka sani jerin zai ƙara tsawo, dole a rage farfelar baya a ƙara ta gaba a sake wurin zaman akwatin, kuma wannan duk kuɗi ne da mutane ke mantawa su sa a lissafi.

To ga inda ni na sha kashi. Na taɓa ganin wani akwati ɗan Beljiyam, mai kyau, farashi ya yi daɗi, ban yi wata-wata ba na biya na ɗora a bayan a-kori-kura. Da muka ɗaga shi a gareji sai makanikena ya yi shiru, ya leƙa ƙarƙashin mota ya dawo ya ce “Alhaji, ai wannan bakinsa hagu yake kallo, aksil ɗinmu kuma tulunsa, inda farfela ke shiga, na dama.” Mai shago ya ce shi ba ya karɓar kayan da ya fita. Don Allah kafin ka biya ka kwanta ƙarƙashin motarka ka ga ta wane gefe farfelar gaba take. NP205 na Ford hagu yake sauka, na Chevrolet dama, Dana 300 dama. Kuma ka ƙirga haƙoran shaf ɗin da ke fitowa daga giyabos, na Toyota akwai mai 21 akwai mai 23, Dana 300 23 ne, NP205 kuwa iri-iri ne har da 10 da 27 da 31 da 32. In bai dace ba sai da adafta, ita kuma adafta tana iya fin akwatin tsada. Akwatin da ya shiga giyabos ɗinka kai tsaye shi ne mai arha ko da ya fi na kusa da shi kuɗi a shago.

A wurin saye kada ka ji kunya. Ka ce a kwance notin zubar da mai, ka tara yatsa, ka murza man a rana. Ɗan ƙyalli-ƙyalli kamar gari ba komai ba ne, amma in ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa, ko man ya yi fari-fari alamar ruwa ya shiga, ajiye musu kayansu. Ka juya shaf da hannu a babbar giya da ƙarama, ka girgiza inda farfela ke kamawa ka ji ko boris ya yi lako-lako, ka goge jikin da tsumma ka duba tsaga ko tsohuwar walda musamman wajen kunnuwan noti.

Ko ya yi kyau a ido, ka ware kuɗin sababbin boris da sil da gasket da man giya ka sa a buɗe shi tun yana ƙasa. Sannan mai walda ya yi maka faranti mai kauri a ƙarƙashinsa kafin ka doshi dutse na farko.