Yadda za ka tsara manhaja ba tare da tauye wa mai amfani da ita mudu ba

Duk wanda ya saba auno hatsi a kasuwa ya san mudun da aka bugi gindinsa ya lotsa ciki. A gabanka za a cika shi har ya yi tozo, amma sai ka isa gida ka juye sannan ka ga awon bai kai ba. Haka ake lotsa fuskar manhaja: babu ƙarya ko ɗaya a rubuce, amma an jera maɓallai da kalmomi yadda mutum zai danna abin da bai yi niyya ba. Wani masanin tsara shafukan intanet ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabarun yaudara a 2010, kuma daga baya hukumomi suka fara ɗaukar wasunsu a matsayin laifi. Idan kai ne mai tsara manhajar, a hannunka mudun yake.

Ka fara da takarda da alƙalami kafin ka taɓa kwamfuta. Rubuta kowane bayani da manhajar za ta nema daga mutum, kamar lambar wayarsa, inda yake, hotunansa da jerin lambobin da ya adana, sannan a gaban kowanne ka rubuta aikin da ba zai yiwu ba sai da shi. Wanda ka rasa abin rubutawa a gabansa, soke shi. Wannan mataki ya fi sauran nauyi, kuma mun ga dalilin da idonmu a Najeriya, inda wasu manhajojin rance suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, idan ya yi jinkirin biya sai saƙon tozarci ya isa wayar surukinsa da limamin unguwarsu da abokan aikinsa. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta shiga farautarsu a 2022, kuma a 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan mutane. Wani ne ya zauna ya tsara wancan allon neman izini, yana sane da cewa mai neman naira dubu ashirin don sayen magani ba zai tsaya karatu ba.

Bayanan da suka rage a takardarka, ka nemi izininsu a daidai lokacin da ake buƙatarsu, kada ka tara su duka a ranar rajista. Idan mutum zai ɗauki hoton katin shaidarsa, a nan ne za ka nemi izinin kyamara, tare da jimla ɗaya da ke faɗin dalili.

Daga nan sai siffar maɓallan kansu. "Na amince" da "Ban amince ba" su zo da girma ɗaya, a wuri ɗaya, da rubutu mai karantuwa ko a tsakar rana. Kada ka yi wa na farko kore shar mai cika allo, ka ɓoye na biyu cikin toka-tokan rubutu a can ƙasa. Kada kuma ka riga mutum sa alama a akwatin yarda, domin kotun ƙoli ta Tarayyar Turai ta yanke a 2019 cewa akwatin da aka riga aka cike ba yarda ba ne, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ita ma ta ce shirun mutum ba ya zama amincewa. Ka guji kalmomin kunyatarwa a kan maɓallin ƙi, irin su "A'a, ba na son ci gaba a rayuwa", wanda a ganina cin mutunci ne da aka yi wa ado.

Inda kuɗi zai fita, ka nuna jimillar da za a cire da lambobi manya kafin dannawa ta ƙarshe, har da kuɗin ruwa da cajin hidima da ranar biya, kuma ka sa allon tabbatarwa tsakanin yatsa da aljihu. Kamfanin Epic Games mai wasan bidiyo na Fortnite ya amince a Disamban 2022 zai mayar da dala miliyan 245 ga mutanen da aka caje su ba da saninsu ba, saboda dannawa ɗaya bisa kuskure ta isa a cire musu kuɗi.

Ƙofar fita ta yi faɗin ƙofar shiga. Ƙirga dannawa nawa ake yi wajen rajista, ka tabbatar soke rajista ko goge asusu bai fi haka ba.

Sannan ka fita da manhajar daga ofis. Nemi mutum biyar ko shida waɗanda ba sa'anninka ba, a cikinsu har da dattijuwar da ajami ta iya ba boko ba, da mai ƙaramar wayar da gilashinta ya tsage, da matar da waya ɗaya suke amfani da ita da mijinta da 'ya'yanta. Miƙa musu wayar, ka kame bakinka, ka kalli inda yatsa yake tsayawa yana shawagi. Idan sun gama, tambayi kowa, misali dattijuwar nan: "Baba, me kika yarda da shi yanzu? Nawa za a cire miki, kuma yaushe?" Idan amsarta ta saɓa wa abin da manhajar za ta yi, gyaran naka ne, ka koma ka sake allon, ka ƙara bayani da murya idan rubutu bai wadatar ba. Wayar da ake tarayya a kanta kuwa za ta nuna maka abin da ba ka hango ba, wato sanarwar da ke faɗowa a allon kulle tana ambaton bashi ko sakamakon asibiti ga duk wanda ya ɗauki wayar. Irin wannan sanarwa ta tsaya a "Kina da saƙo", sauran bayanin ya jira sai an shigar da lambar sirri.