Yadda Ake Neman Zomon Teku da Bambance Shi da Danginsa

Zomon teku dangin dodon koɗi ne, kuma ƙahoni biyu masu kama da kunnuwa da ke bisa kansa su suka ja masa sunan. Wurin nemansa gaɓa ce mai duwatsu da ciyawar teku, irin ta Ghana. A je lokacin da ruwa ya fi janyewa, wato kwanakin tsayuwar wata ko cikarsa, a isa awa ɗaya kafin janyewar ta kai ƙarshe. A Port Sudan wannan lissafi ba ya aiki, domin ruwan Bahar Maliya a can kusan ba ya hawa ko sauka. Sai dai a sa gilashin ninkaya a leƙa.

A tanadi takalmin roba mai kama dutse, farar roba mai faɗi, da ruler. A fara neman ƙwai: dunƙulen zare rawaya ko ruwan hoda, kamar dafaffiyar taliya, manne da dutse. Inda yake, iyayen na kusa. Kowanne namiji ne kuma mace, shi ya sa ake ganinsu jere suna barbara.

Idan an samu, a dubi baya. Zomon teku yana da fatu biyu da ke haɗuwa a gadon bayansa, a ƙarƙashinsu akwai siririn ƙwanso a ɓoye cikin nama. Nau'in Aplysia dactylomela na Tekun Atlantika yana da baƙaƙen zobba a jiki. Idan kuwa aka ga tuntu a fili a bayan dabbar, da launi mai ɗaukar ido, kuma babu ƙwanso, to nudibrank ne, wani dangin zomon teku. Tuntun nan da shi yake numfashi. Nau'insu ya haura 3,000, kuma ba ciyawa suke ci ba, soson teku da ƙananan halittu ne abincinsu. Hexabranchus sanguineus, wani jan nudibrank na Bahar Maliya, da dare yake fita, sai da tocila.

A ɗebi dabbar tare da ruwanta, kada a ɗaga ta a iska, don jikinta ba shi da ƙashin da zai riƙe shi. A ɗauki hoto da ruler a gefe, a mayar da ita cikin minti biyar, saboda ruwan roba yana saurin ɗumi, iskarsa ta ƙare. Ruwan famfo kuwa kashe ta yake yi: yana kutsawa jikinta har ta kumbura. In zomon teku ya saki tawada shunayya, an takura masa ne. Launin daga jar ciyawar da yake ci yake fitowa. A sauya ruwan nan take.

Dutsen da aka juya a mayar da shi yadda yake, in ba haka ba rana ta ƙone duk abin da ke manne ƙarƙashinsa. Wani ƙaramin shuɗin nudibrank, Glaucus atlanticus, da igiya ke jefowa kan yashi, kada a taɓa shi da hannu, yana harbi. A kuma hana kare lasar zomon teku da ya mutu a gaɓa. A yammacin Ostireliya karnuka sun sha guba ta haka.